Muryar Yayana da Na Goge a Kaset

Assalamu alaikum Malam Edita, da dukan masu karanta wannan shafi, manya da yara. Ina gaishe ku da aiki, ina tambayar lafiyar iyali, Allah ya sa kowa ya ga amfanin damina. Kafin in shiga magana ina roƙon abu biyu. Na farko, don girman Allah kada a yi saurin yanke mini hukunci, domin na riga na yanke wa kaina wanda ya fi naku zafi. Na biyu, idan an gama da takardar nan a ƙone ta. Ban sa suna ba, amma rubutun hannuna sananne ne a wajenmu, saboda ni nake rubuta wa mutane wasiƙa tun da na fito firamare. Shi ya sa ma ban jefa ta a Batsari ba, sai da na shiga mota na je Katsina. Ban ce wani yana buɗe wasiƙun mutane ba, Allah ya tsare ni da zato, amma ambulan da aka liƙe da yawu ba ƙofar ƙarfe ba ce.

Ni tela ne, ina da ɗan shago da keken ɗinki ɗaya a Batsari, gidanmu kuwa yana wani ƙauye tsakanin Batsari da Safana. Mu biyu uwarmu ta bari a raye, ni da yayana, ya girme ni da shekara tara. Manomi ne, kuma ba a taɓa jin kansa da kowa ba. Allah ya yi shi da in'ina, ba irin wadda mutum zai maimaita harafi sau biyu ya wuce ba. Tasa idan ta kama shi sai maganar ta tsaya cik a maƙogwaro, ya runtse ido, ya bugi cinyarsa da tafin hannu, jijiyar wuyansa ta miƙe, sannan kalmar ta faɗo kamar an tumɓuke ta. Abin mamaki, idan yana karatun salla ko yana yi wa shanun garmarsa magana ba ka jin komai. Tun ina ɗan shekara shida marigayiya innarmu ta ɗora mini aiki, ta ce duk inda Yaya zai je in bi shi, idan magana ta tsaya masa in ƙarasa. Haka na tashi. A kasuwa ni ne, a wajen maigari ni ne, har wajen neman aurensa sai da aka tafi da ni ina yaro. Mutane suna yabona, suna cewa Auta ya san cikin yayansa tun bai buɗe baki ba, ni kuma na yarda da su. Mutum ɗaya ne ya taɓa tsawata mini, wani Bafulatani abokin Yaya daga wajen Babban Duhu, wanda yake sauke shanunsa a gonarmu bayan girbi don taki. Suna zaune a gindin tsamiya, Yaya ya kama wata magana ta ƙi fita, na yi wuf na ƙarasa, sai mutumin ya dube ni ya ce, "Tela, bar shi ya sauke kayansa da kansa, ba kasuwa za mu ba." Na ji haushi ranar, na ce a raina wannan bai san taimako ba.

Yaya yana da ɗan fari namiji, zan kira shi Mamman ko da yake ba sunansa ke nan ba. Kun dai san al'adarmu a kan ɗan fari. Yaya bai taɓa kiran sunansa ba, bai taɓa ɗaukarsa ba, sai dai ya ce "yaron nan" ko "wancan". Idan yaron yana da buƙata ni yake gaya wa, ni in kai. Lokacin yaƙin basasa, da ake ɗibar soja, Mamman ya matsa yana son tafiya. Wata rana da la'asar muna zaune ƙofar gida da maƙwabta ana ɓarar gyaɗa, ya zo da abokansa biyu ya durƙusa, ya ce in nema masa izini. Na faɗa wa Yaya a gaban kowa. Yaya ya buɗe baki, maganar ta tsaya, ya runtse ido, ya bugi cinya, ya sake bugu. Na dubi fuskarsa na ga ta ɗaure, sai na ce wa yaron, "Bai yarda ba." Yaya bai daina ƙoƙari ba, yana ta ɗaga hannu, amma wa ya kula? Mamman ya miƙe tsaye, yaron da bai taɓa ɗaga ido ya dubi ubansa ba, ya ce, "Kafin ya gama faɗin a'a an gama yaƙin." Abokansa suka yi dariya, wasu daga cikin manya ma suka sunkuyar da kai suna danne tasu. Yaya ya rufe bakinsa. Kashegari da safe yaron ya tafi ba sallama. Yau shekara goma ke nan bai tako gida ba.

Yaƙi ya ƙare, Allah ya tsare shi, aka ajiye shi a wani bariki can Kudu, ya yi aure a can, yana aiko da atamfa da sabulu da gaisuwa a takarda, ni ke karantawa ni ke amsawa. To da duniya ta buɗe, kowa yana sayen rediyo da agogo, sai ga wani direban babbar mota ɗan garinmu, mai kai shanu Kudu, ya kawo mini kaset daga Mamman. Na sayi rakoda saboda shi, na ɗauko ta a kan keken hawa zuwa ƙauye, aka taru a tsakar gida har da matan maƙwabta. Da muryarsa ta fito, matar Yaya ta ja mayafi ta rufe fuska ta shige ɗaki, don ita ma kunyar ɗan fari ta hana ta zama, amma na ga ƙafarta a bakin labule har aka gama. A ƙarshe Mamman ya ce yana neman gafarar Baba a kan abin da ya faɗa. Bayan kwana uku Yaya ya aiko a kira ni, ya ce shi ma zai yi magana a cikin abin.

Malam Edita, ban taɓa ganin Yaya kamar ranar ba. Ya yi wanka, ya sa rigarsa ta Juma'a da hula, kamar wanda za a ɗauka hoto. Na ce masa ai abin ba ya gani, ya ce shi ya sa ma zai iya. Ya kori kowa daga zaure, ni ma ya so in fita, na ce dole in danna masa, sai ya ce to in juya baya. Na gaya masa duk abin da aka faɗa yana shiga, ko tari ne, don haka ni ba zan iya sa masa baki ba. Na danna jan maɓalli na juya ina kallon bango. Zare yana ta tafiya, shiru, ni kuwa ina lissafin cewa gefe ɗaya rabin awa ne kawai. Can sai na ji ya yi sallama. Sannan ya kama wani abu ya ƙi fita, na ji bugun cinya sau ɗaya, sau biyu, sau biyar, na ji numfashinsa kamar na mai hawan dutse da kaya, sai ga sunan yaron ya fito. Sunansa na yanka. Shekara ashirin da bakwai da haihuwarsa, ranar na fara jin sunan nan a bakin ubansa. Ya ba shi labarin gona, da bijimin da ya karye, da rijiyar da aka haƙa a bayan masallaci. Ya ce ya yafe masa tun kafin ya kai tasha. Daga nan ya koma kan ranar da yaron ya nemi izinin tafiya. Ya ce, "Ra-ra-ranar nan ba a'a zan ce ba. Cewa zan yi ka-ka jira a kai gero gida, in raka ka Katsina da ƙafata." Rabin awa cif ya yi, wannan ne karo na farko a rayuwata da na ji yayana ya fara magana ya kai ƙarshenta shi kaɗai, kuma ba inda nake zato ta nufa ba. Da maɓalli ya tashi da kansa, ya share zufa ya ce, "Au-auta, ya shiga?" Na ce ya shiga. Bai ce mini komai a kan tsohuwar maganar ba, ni ma ban ce ba.

Na tafi da kaset ɗin shago don in gwada ko ya ɗauka da kyau kafin in ba direba. Na rage murya na kunna. Sai ga mutum biyu sun shigo karɓar ɗinki. Ɗaya ya saurara ya ce, "Tela, rakodarka tana cin zare, cire kafin ta lalata maka kaset." Ɗayan ya kasa kunne ya ce, "Wane zare? Ai yayansa ne, haka Allah ya naɗo shi." Suka yi ta dariya, na farkon har yana kwaikwayo yana bugun cinya. Na kashe na sallame su, na zauna ina tunani. Mamman ba shi da rakoda tasa, ya faɗa da bakinsa cewa ta wani kofur yake ara, kuma a bariki ɗaki yana jikin ɗaki. Na hango sojoji sun taru, Bayarabe da Tibi da Bahaushe, ana cewa ga muryar baban wane daga Arewa, na hango dariyar, na hango matarsa da ba ta taɓa ganin surukinta ba. Na ce shin ba rufin asiri ba ne in tsare masa mutuncinsa? Ba abin da innarmu ta sa ni ke nan ba? Na mayar da zare farko, na danna jan maɓalli, na yi magana a kan maganarsa. Na ce, "Mamman, Baffanka ne. Babanka yana gaishe ka, ya ce ya yafe maka, ka riƙe salla." Na ba shi labarin gona da bijimi da rijiya, cikin minti huɗu na gama abin da ya ci wa Yaya rabin awa, na bar zare yana tafiya a kan shiru har ya shafe sauran. Ban faɗi cewa ya kira sunansa ba. Ban kuma faɗi maganar jiran gero ba.

A nan ne nake son masu karatu su duba mini, domin ni na kasa. Don dariyar sojoji na goge, ko don kada Mamman ya san cewa a'ar da ta raba shi da gida daga bakina ta fito ba daga bakin ubansa ba? Idan rufin asirin Yaya nake so, me ya hana ni faɗin wannan maganar da muryata? Na yi wa kaina wannan tambaya a kan keke har na ɗinke hannun rigar wani a bai-bai. Wata rana in ce niyyata mai kyau ce, wata rana in ce ƙarya nake yi wa kaina. Abin bai kuma tsaya a kaset ɗaya ba. Da amsar Mamman ta zo, godiya ce kawai a taƙaice da gaisuwa. Yaya ya saurara har ƙarshe, ya sa na sake kunnawa, yana jiran a ambaci abin da ya faɗa, ba a ambata ba. Bayan girbi ya sake sa rigar Juma'a. A kaset na biyu ya ce, "Ka-ka ji abin da na gaya maka wancan karo?" To yaya zan aika wannan ba tare da asirina ya tonu ba? Na goge. Na uku na goge. Na huɗu na goge. Shekara biyu da rabi, sau huɗu mutumin nan yana wanka yana zufa a zaure, duk a bangon shagona maganarsa ta ƙare, ban ajiye ko ɗaya ba.

Tun daga lokacin ban ƙara yarda da fuskar kowa ba. Direban nan, akwai rakoda a motarsa, kuma hanyar Kudu kwana biyu ce, me zai hana shi sa kaset ɗin mutane don ya kori barci? Ranar da na ba shi na uku ya juya shi a hannu ya ce, "Tela, ai kai gidan rediyo ya kamata a kai ka, muryarka tana fita tas." Na ce a ina ya ji muryata. Ya ce, "A'a, ba ga shi muna magana ba?" Ya yi dariya ya sa a aljihu. Me yake nufi? In ba ya saurara ba, me ya kawo maganar rediyo? Tun ranar, in na gan shi a tasha yana hira da mutanen ƙauyenmu sai in ga kamar sun yi shiru da na matso. Matar Yaya kuwa, da ma akwai wasa tsakaninmu, amma wasan nata ya canja. Ita ce take tsaye bayan zana duk lokacin da Yaya yake magana a zaure, ta san tsawon abin da ya faɗa. Wata rana tana ba ni fura ta ce, "Auta, wannan abin naku rariya gare shi a ciki? Mutum ya zuba masa tsaba tun azahar har la'asar, amsa ta dawo ba ko tsaki." Na ce yaran yanzu ba su son doguwar magana. Ta ce, "To, Allah ya sa a can aka tace." Ta ɗauke ƙwaryar tun ban gama sha ba. Ko a masallaci, da liman ya yi wa'azi a kan amanar ɗan aike, na ga kamar sahunmu yake kallo, har na bi shi bayan salla na gaishe shi don in ga ko zai sake mini fuska. Ya sake, amma shi mutum ne mai sake wa kowa fuska, don haka ban ƙaru da komai ba. Matata ta ce na rame, ta tambaye ni ko wata nake nema. Na gwammace ta yi wannan zaton.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne kaset ɗin da ya zo makon jiya. Da ma na saba, duk wanda ya zo sai na fara ji a shago ni kaɗai kafin in kai gida, kun ga inda rashin gaskiya yake kai mutum. Gefen farko gaisuwa ce ta kowa da kowa. Da na juya sai na ji ya ce, "Baffa, wannan gefen naka ne kai kaɗai, kada ka kunna a gida." Zan rubuta abin da ya faɗa yadda na riƙe, don na ji shi ya fi sau goma. Ya ce, "Baffa, kaset huɗu ke nan, duk muryarka ce. Na gode, amma ni ba yaro ba ne, na gane. Kai ne kake rufa mini asiri kana cewa ya yafe. Mutumin da na yi wa dariya a kan maganarsa, don me zai sake ba ni ita? Hutun bara na zo har Katsina, na zauna a tasha, motar Batsari biyu ta cika ta tashi a gabana, na koma." Sai na ji kukan yaro daga nesa. Sannan ya ce ɗansa na fari, mai shekara huɗu, ya fara magana da in'ina, irin ta kakansa sak, har da runtse ido. Ya ce ya san alhakin Baba ne ya sauka a kan yaron. Ya ce idan yaron ya buɗe baki, shi gabansa faɗuwa yake yi, sai ya daka masa tsawa ya yi shiru, yanzu yaron in ya gan shi ba ya magana sam, sai nuni da hannu. Ya ce, "Baffa, in da gaske ya yafe, ya faɗa da bakinsa, ko kalma ɗaya ce, ko za ta cinye kaset ɗin duka. Wallahi wannan karon zan jira. In na ji, zan ɗauko yaron mu zo gida ya ga kakansa. In ban ji ba, na san matsayina, ba zan ƙara damun ku ba."

Na zauna a shago har aka kira la'asar ban taɓa keke ba. Wane alhaki? Mutumin da ya yafe tun yaron bai kai tasha ba? In'ina ai halitta ce, kamar tsawo da gajarta, kakanmu na wajen uwa ma an ce yana da ita, kuma ya yi noma ya aurar da 'ya'ya ya mutu da mutuncinsa. Yanzu ga wani ɗan yaro can Kudu ana koya masa rufe baki, kuma ni na san daga inda abin ya taso. Shekara arba'in ina tsammani nauyi nake ɗauke wa Yaya, ban taɓa tambayarsa ko ya ce yana masa nauyi ba. Sau nawa na ƙarasa masa magana da abin da ba shi yake nufi ba, ya haƙura ya bar ta a haka don kada ya kunyata ni? Gonar fadama da aka ba maƙwabcinmu aro da bakina, ya yarda kuwa? Ban sani ba. Ba abin da na sani yanzu.

Kada wani ya ce abin mai sauƙi ne, in sake ɗaukar muryarsa in aika. Na gwada. Shekaranjiya na je ƙauye da sabon kaset, na kunna musu gefen farko na wanda Mamman ya aiko, sannan na sami Yaya a gona yana gyaran kunya, na ce direba zai tashi ranar kasuwa, ko zai yi magana. Ya dogara da fartanya ya daɗe yana kallon ƙasa. Ya ce, "Na-na yi sau huɗu. Ya ji ni. Bai amsa ko ɗaya ba." Na ce wataƙila aiki ne ya yi masa yawa. Ya girgiza kai ya ce, "Ku-kunya na ba shi a cikin abokansa. Ba zan ƙara ba. Kai yi masa, ta-taka ta fi daɗin ji." Sai ya ɗago ya dube ni, ya daɗe yana dubana, ya ce, "Ko-ko ba haka ba, Auta?" Malam Edita, har yanzu ban san mene ne wannan kallo ba. Na wanda ya yarda da ƙaninsa ne, ko na wanda matarsa ta gaya wa zatonta, yana ba ni dama in faɗa da kaina? Na buɗe baki, a karo na farko ni maganar ta tsaya wa. Na ce rana ta yi, na hau keke.

Na auna hanyoyi uku, kowace da ƙayarta. Ina iya ɓoye rakoda cikin buhu in ja shi da hira in ɗauki muryarsa bai sani ba, amma wannan sata ce a kan sata, kuma ba zai kira sunan yaron a gabana ba, ba zai ce ya yafe ba. Ina iya gaya wa Mamman gaskiya a kaset, to amma da wace murya? Da wadda ya riga ya ce bai yarda da ita ba? Zai ce Baffa ya ƙirƙiro sabon rufin asiri, ko kuwa ya yarda, ya san ni na cinye masa shekara goma, kuma da soja nake magana. Hanya ta uku ita ce in durƙusa gaban Yaya in ce masa yaronka bai taɓa jin ka ba, ni na goge, sau huɗu, kuma sunan nan da ka sha wuya ka fitar ba wanda ya ji shi sai ni da masu dariya biyu a shagona. Ɗansa sau ɗaya ya wulaƙanta maganarsa, a fili, cikin ƙuruciya. Ni da furfura a gemu na yi, a ɓoye, ina cin tuwon gidansa. Ba shi da ɗan'uwa sai ni, ni ma ba ni da kowa sai shi, kuma ya tsufa, ƙafarsa tana kumbura tun bazara.

Ina roƙon malamai da dattawa masu karanta wannan shafi, da duk wanda yake da mai in'ina a gidansa, da masu in'inar kansu in akwai wanda zai daure ya rubuto, domin su ne ban taɓa tsayawa na ji ba. Ranar kasuwa direba zai ɗora shanu ya tafi, in ya tafi hannu wofi Mamman zai ɗauka amsar ke nan. Na san ko an buga takardar nan amsarku ba za ta riske ni kafin ranar ba, zan roƙe shi ya ce wa yaron kaset yana tafe a zuwa na gaba, ko da yake roƙon nan ma zai ƙara masa abin faɗa a tasha. Na fi karkata ga in gaya wa Yaya, amma duk lokacin da na shirya maganar a raina sai in tsaya a wuri ɗaya. Idan na gama faɗa, zai buɗe baki ya amsa, zai runtse ido ya bugi cinya, ni kuma dole in zauna in jira har ya kai ƙarshe, kuma ban san me zai ce ba. Jama'a, don Allah, me zan yi?